Wasa 62 Babu Faɗuwa: Yadda 'Yan Matan Jami'ar Minnesota Suka Mamaye Hokin Ƙanƙara

Ranar 17 ga Fabrairun 2012, 'yan matan Jami'ar North Dakota suka doke takwarorinsu na Jami'ar Minnesota da ci 2-1 a ƙarin lokaci. Ranar 17 ga Nuwamban 2013, North Dakota ɗin ce dai ta sake kayar da su da ci 3-2. Tsakanin waɗannan ranaku biyu, wata 21 cif, Minnesota ta buga wasa 62 ta cinye su duka, ko canjaras ɗaya ba a yi da ita ba. Takwas a ƙarshen kakar 2011-12, 41 a kakar 2012-13, sai 13 a farkon kakar da ta biyo baya. A cikin wannan tsakani ta ɗauki kofin jami'o'in Amurka sau biyu.

Ana kiran ƙungiyar Golden Gophers, sunan wata 'yar dabba mai haƙa rami da ta yi kama da kurege, wadda aka daɗe ana yi wa jihar laƙabi da ita. Wanda ya dubi alƙaluman nan kawai zai ce sa'ar taurari ce ta faɗo musu. Taurarin suna nan, za a zo kansu. Sai dai ginin da suka tsaya a kai an yi shekara goma sha biyar ana ɗora shi, kuma yawancinsa ba a filin jami'ar aka yi ba.

Yadda wasan yake

Kowane ɓangare na da mutum shida a kan ƙanƙara: 'yan gaba uku, 'yan baya biyu, da mai tsaron raga. Maimakon ƙwallo, wani faifan baƙar roba ake bugawa da sanda, faɗinsa inci uku, kaurinsa inci ɗaya, nauyinsa bai wuce giram 170 ba. Kafin wasa a firiza ake ajiye shi, don roba mai ɗumi tsalle take yi a kan ƙanƙara. Raga ƙafa shida ce a faɗi, huɗu a tsayi. Zango uku ake yi, kowanne minti 20, kuma agogo na tsayawa duk lokacin da alƙali ya busa.

Abin da mai kallon ƙwallon ƙafa zai fi mamaki shi ne canji. Ba wadda ke iya gudun sulu da dukkan ƙarfinta fiye da daƙiƙa 45 zuwa minti ɗaya. Don haka 'yan gaba rukuni-rukuni ne na mutum uku, rukuni uku ko huɗu, 'yan baya kuma bibbiyu har kashi uku, ana ta sauya su wasa na gudana ba tare da an tsaya ba. Ƙungiyar da ke da rukuni ɗaya mai kyau za ta haskaka na minti ɗaya, sannan ta shiga uku na minti biyu har taurarinta su huta. A zango na biyu abin ya fi tsanani, saboda an sauya gefe, bencin kowace ƙungiya ya yi nisa da ragarta. 'Yan baya da aka danne a gida ba su da halin kaiwa benci, sai su maƙale minti biyu ƙafafu sun yi nauyi, a nan ake yawan cin su.

Wadda ta yi ƙaramin laifi, kamar harɗe ƙafa ko maƙalo abokiyar karawa da sanda, za ta zauna a waje minti biyu, ƙungiyarta ta rage huɗu a gaban biyar, ban da masu tsaron raga, sai dai in an ci su kafin lokacin ya cika. A hokin mata na jami'o'i an hana bangaje mutum da gangan yadda maza ke yi. Dole mai tsaron baya ta ƙwace faifai da sauri, da iya tare hanya, da sanda. Wannan doka ta sa ƙungiya mai gudu da iya miƙa faifai ta fi cin riba a wajen mata fiye da a wajen maza, domin ba a da damar murƙushe ƙaramar 'yar wasa mai wayo da ƙarfin tuwo.

Maki kuma haka ake ƙirga wa 'yar wasa: ɗaya in ta ci, ɗaya in ta taimaka aka ci, kuma mutum biyu na iya samun makin taimako a ƙwallo guda.

Tushe

A 1972 Amurka ta yi dokar ilimi wadda sashenta na tara ya hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji, har da fannin wasanni. Dokar ta shafi kowace jiha, amma Minnesota ce ke da abin da za ta ɗora a kai: sanyin da ke daskarar da tafkuna wata da watanni, da filayen ƙanƙara mallakar garuruwa, inda yara ke koyon wasa a ƙungiyar unguwarsu da kuɗi kaɗan in an kwatanta da kulob-kulob masu zaman kansu. A 1994 hukumar wasannin sakandaren jihar ta zama ta farko a ƙasar da ta amince da hokin 'yan mata a matsayin wasan makaranta, aka buga gasar jiha ta farko a 1995.

Jami'ar ta kafa ƙungiyarta shekara biyu bayan haka. Ta ɗauko Laura Halldorson, 'yar jihar, wadda ta buga wa Princeton ta kuma horar da kwalejin Colby. Wasan farko, ranar 2 ga Nuwamban 1997, sun lallasa Augsburg 8-0 a gaban 'yan kallo 6,854. Bayan wata uku aka buga hokin mata karon farko a gasar Olamfik a Nagano, Amurka ta ci zinare, kasuwar wasan ta ƙara buɗewa. A kakarsu ta uku, shekarar 2000, Gophers suka doke Brown 4-2 suka ɗauki kofin ƙasa. A lokacin hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ba ta karɓi gasar ba tukuna, sai a 2001, shi ya sa wasu ke ƙirga wa Minnesota kofi bakwai, wasu shida. Tauraruwar wannan zamanin Nadine Muzerall ce, 'yar Kanada, wadda ta bar jami'ar da ƙwallo 139. A riƙe sunanta, za ta dawo.

Kofuna uku na farko na NCAA, 2001 zuwa 2003, ba Minneapolis suka je ba. Reshen jami'ar da ke Duluth ne ya kwashe su ƙarƙashin Shannon Miller, wadda ta cika ƙungiyarta da 'yan wasan ƙasashen Turai da Kanada.

A 2002 aka buɗe filin Ridder, mai ɗaukar mutum 3,400, fili na farko da aka gina musamman don ƙungiyar hokin mata ta jami'a. Amfaninsa ya wuce ado. Ƙungiyar da ke aron filin maza ragowar lokaci take samu, asuba ko dare, kuma ɗalibai ne masu lacca, ga dokar NCAA da ta taƙaita atisaye da wasa ga awa 20 a mako. Mai filin kanta ita ke tsara jadawalinta. Sannan girman filin: na maza, Mariucci, a wancan lokacin ƙafa 200 ne a tsayi da 100 a faɗi, inda Ridder yake 200 da 85. Bambancin ƙafa 15 ɗin nan ya isa ya sauya wasa. A ƙuntataccen fili ba ki da lokacin ɗaga kai ki yi tunani, ana kanki kafin faifai ya zauna a sandarki, kuma daga kusurwa zuwa bakin raga taki kaɗan ne. Ƙungiya mai matsa wa abokan karawa tun daga gidansu ta fi jin daɗin irin wannan fili. Na uku, mutum dubu biyu a fili mai kujera dubu goma kamar makoki ne, a Ridder kuwa gida ya cika da ihu. Yarinya 'yar shekara 16 da aka kawo ziyara tana ganin wannan.

Kofuna biyu, sannan fari

A kakar 2002-03 wasu 'yan jihar biyu suka shigo, Natalie Darwitz daga Eagan da Krissy Wendell daga Brooklyn Park, dukkansu da lambar azurfa ta Olamfik ɗin 2002 a wuya tun kafin su fara aji ɗaya. Aka haɗa su da Kelly Stephens a rukuni guda. A 2004 suka doke Harvard 6-2 a wasan ƙarshe. A 2005 Harvard ɗin ce kuma, 4-3, Darwitz ta ci ta nasara saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu a tashi. A wannan kakar ta tara maki 114, abin da ba a taɓa yi ba a gasar NCAA, Wendell kuma ta karɓi kyautar Patty Kazmaier ta gwarzuwar shekara. Kazmaier, wadda ta rasu a 1990 tana da shekara 28, abokiyar wasan Halldorson ce a Princeton.

Daga nan sai matsalar da ke damun duk babbar ƙungiya a hokin mata ta bayyana. A wancan zamanin, duk shekarar Olamfik, Amurka da Kanada kowace kan tattara 'yan wasanta a sansani guda na tsawon kakar gaba ɗaya. Ƙungiyar da ta fi kowa taurari ita ta fi kowa asara. Ɗaliba na da kaka huɗu da za ta buga cikin shekara biyar, tana iya jingine ɗaya ta dawo, amma ba kowa ke dawowa ba. Darwitz da Wendell sun tafi shirin 2006 ba su sake buga wa jami'ar ba. Duk da haka ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe a 2006, Wisconsin ta ci ta 3-0 a Minneapolis. Halldorson ta ajiye aiki a 2007, mataimakinta Brad Frost ya gaje ta, da farko a matsayin riƙon ƙwarya.

Shekara shida, 2006 zuwa 2011, Wisconsin da Duluth suka yi ta karɓa-karɓa da kofi: huɗu ga Wisconsin, biyu ga Duluth. A tsakiyar wannan fari, wasu tagwaye, Jocelyne da Monique Lamoureux, suka buga wa Minnesota kaka ɗaya mai kyau a 2008-09, sannan suka koma jami'ar garinsu, North Dakota. Su ne suka mayar da ita ƙungiyar da ake tsoro.

Kakar 2012-13

Farin ya ƙare a Maris 2012 da suka doke Wisconsin 4-2 a Duluth. Kakar da ta biyo baya ita ce ta cancanci a tsaya a kanta.

Sun ci ƙwallo 216, an ci su 36, a wasa 41. Wato fiye da biyar a kowane wasa, abokan karawa kuma ba su kai ɗaya ba. Don a gane nauyin wannan, sai an san tsarin WCHA, rukunin jami'o'in yankinsu da suke gasa a ciki. Ƙungiya takwas ne a lokacin, kowace tana haɗuwa da kowace sau huɗu, wasa 28 ke nan, kuma bibbiyu ake bugawa a ƙarshen mako da abokin karawa guda. Duk dabarar da ka yi wa mutum yau, ya kwana yana kallon bidiyonta, gobe ya zo da maganinta. Kuma wannan rukuni shi ne ya ɗauki kowane kofin NCAA daga 2001 zuwa 2013. Ba a cikin raunana suka yi wannan tarihi ba.

A raga akwai Noora Räty, 'yar Finland, wadda ta fara tsare wa ƙasarta raga a Olamfik tun tana shekara 16. A wannan kakar ta yi wasa 17 ba a ci ta ko ɗaya ba, ta kuma gama jami'a da irin waɗannan wasanni 43 da nasara 114. Tsaron ragar ƙungiya mai mamaye wasa aiki ne mai wuyar da ba a gani. Mai tsaron raga kan yi minti bakwai ko takwas faifai bai zo wajenta ba, jiki ya yi sanyi, sannan kwatsam a ɓarke da mutum biyu a kan 'yar baya ɗaya. Da yawa a nan suke zubar da ƙwallo mai arha. Räty ba ta cika yi ba, kuma wannan ne ya ba 'yan baya irin su Megan Bozek damar hawa gaba su zama kamar 'yan gaba na huɗu.

A gaba, Amanda Kessel ta ci 46 ta taimaka aka ci 55, maki 101. Hannah Brandt, 'yar aji ɗaya, ta tara 82. Da aka fitar da mutum uku na ƙarshe a takarar kyautar Kazmaier, sai ga Kessel, Bozek da Räty, duk daga ƙungiya ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba. Kessel ta ɗauka.

Ga wani abu da masu cewa komai daga sakandaren jihar ya fito kan tsallake. Cikin ukun nan babu 'yar Minnesota ko ɗaya. Bozek daga Illinois take, Räty daga Espoo, Kessel kuwa daga Madison, garin babbar abokiyar gabarsu Wisconsin. Abin da jihar ta bayar shi ne cikon gida: Brandt, da 'yan baya irin su Lee Stecklein da Rachel Ramsey, da rukuni na uku da zai iya zama na farko a wata jami'ar. Dokar NCAA a lokacin ta ƙayyade tallafin karatu 18 ga ƙungiya mai mutum ashirin da 'yan kai. Kocin da ke iya cike rabin ƙungiyarsa da ƙwararrun da iyayensu ke tafiyar awa ɗaya a mota, waɗanda tun suna yara suke mafarkin saka wannan riga, yana da sararin zuwa neman manyan kifaye a waje. Sauran jami'o'i sai sun yi farautar kowace kujera.

Duk da haka, saura ƙiris kakar ta tarwatse a mako biyun ƙarshe. Gasar NCAA a lokacin ta ƙungiya takwas ce, sili ɗaya ƙwale. Bisa al'ada ta ɗaya kan haɗu da mafi rauni, amma kwamitin gasar na ƙoƙarin rage kuɗin jirgi, sai ya turo musu North Dakota da ke iya zuwa a bas. Karo na shida ke nan da za su haɗu a kakar. Babu wani sirri da ya rage tsakaninsu. Aka tashi 2-2, aka shiga ƙarin lokaci na minti 20-20 inda duk wanda ya fara ci ya gama. Zango na farko ba ci, na biyu ba ci. Sai a minti na 19 na zango na uku Kelly Terry ta zura, bayan an buga minti 118 da daƙiƙa 51, kusan wasa biyu a dare ɗaya. A irin wannan wasa ne yawan rukunai ke biyan kuɗinsa, domin ƙungiyar da ta dogara da mutum shida ko bakwai tana ta maimaita su har ƙafafu su ƙi. Amma gaskiya ita ce faifai ɗaya da ya bugi takalmin wata ya karkace zai iya shafe nasara 38 da suka gabata.

A wasan kusa da na ƙarshe Boston College ta kai su ƙarin lokaci ita ma, Sarah Davis ta raba gardama, 3-2. Terry da Davis duk 'yan Kanada ne, kuma ba cikin taurari ukun da ake ta magana suke ba. Wasan ƙarshe ya zo da sauƙi in an kwatanta: 6-3 a kan Jami'ar Boston, a Ridder, gida cike.

Bayan nan

Shekarar Olamfik ta sake zagayowa. Räty da Bozek sun gama, Kessel da Stecklein suka tafi sansanin Amurka don Sochi. Duk da wannan giɓi, sau biyu kacal aka doke su a kakar 2013-14: na North Dakota a Nuwamba, da wasan ƙarshe, inda Clarkson, wata ƙaramar jami'a a arewacin jihar New York, ta ci su 5-4 ta zama ta farko daga wajen WCHA da ta ɗauki kofin.

Kessel ba ta dawo a kan lokaci ba. Buguwar kai da ta samu kafin Sochi ta dawo mata da ciwon kai da rashin jure haske, ta yi kusan shekara biyu ba ta buga ba. Hana bangaza bai kawar da wannan rauni a hokin mata ba. Ana karo cikin gudu, ana faɗuwa a kan ƙanƙara, ana buguwa da katangar fili, kuma hular kwano da ragar ƙarfe ta fuska suna kare ƙashi ne, ba su hana ƙwaƙwalwa girgiza. Ba tare da ita ba suka ci kofin 2015, 4-1 a kan Harvard. Ta dawo a Fabrairun 2016, saura 'yan makonni damarta ta ƙare. A wasan ƙarshe suka tarar da Boston College da ta ci wasa 40 a jere, saura ɗaya ta maimaita abin da Minnesota ta yi a 2013. Sarah Potomak ta ci a daƙiƙa ta 13, Kessel ta ƙara ta biyu, aka tashi 3-1. Kofi huɗu cikin shekara biyar. Brandt ta gama da maki 285, mafi yawa a tarihin ƙungiyar. Da Amurka ta ci zinare a Olamfik ɗin 2018, shida daga cikin 'yan wasanta a Minnesota suka yi wasa har suka gama ko suna kai: Brandt, Kessel, Stecklein, Gigi Marvin, Dani Cameranesi da Kelly Pannek.

Bayan na 2016, har zuwa 2025 ba su sake ɗaukar kofi ba, kuma ba don ƙungiyar ta lalace ba. Sun kai wasan ƙarshe a 2019, Wisconsin ta ci su 2-0. Taylor Heise ta karɓi kyautar Kazmaier a 2022, aka kuma fara zaɓenta a gaban kowa lokacin da aka kafa gasar ƙwararru ta PWHL a 2023. Abin da ya sauya shi ne fifikon da suke da shi ya zama na kowa. Wisconsin ta buɗe nata filin, LaBahn, a 2012, ta kai kofi takwas zuwa 2025. Sakandaren Minnesota na yaye 'yan wasa fiye da yadda ƙungiya ɗaya za ta iya ɗauka, sauran sun bazu a jami'o'in ƙasar suna dawowa su ci jami'ar jiharsu. Muzerall, wadda ta yi wa Frost mataimakiya a shekarun kofunan nan huɗu, ta karɓi Ohio State a 2016, ƙungiyar da ba ta taɓa shiga gasar NCAA ba, ta ci kofi da ita a 2022 da 2024. Yanzu kafin a ɗaga kofi sai an bi ta kan Wisconsin ko Ohio State, wani lokacin dukkansu, a wasan da ba a maimaitawa.

North Dakota kuwa, wadda ta buɗe jerin wasa 62 ɗin ta kuma rufe shi, ba ta nan. A Maris 2017 jami'ar ta rushe ƙungiyar hokin matanta saboda an zaftare mata kasafi, labarin ya fita 'yan wasan na kan ƙanƙara suna atisaye. Bayan wata 11, a wasan ƙarshe na Olamfik da Kanada, Monique Lamoureux ce ta farke wa Amurka, Jocelyne kuma ta ci bugun raba gardama da ya kawo zinaren.